Gobara a Hanyar Tafkin Gishiri

Tun da Glenys Schuller ta fito shanya da safe ta san ranar ba ta yawo ba ce. Iskar arewa ta riga ta tashi, busasshiya, mai zafi kamar an buɗe bakin tanda, ga shi kuwa tsakiyar girbi ne, alkama ta bushe ƙayau tun daga bayan gidansu har inda ido ya tsaya. Sai dai ta riga ta yi alkawari. Ɗanta Rowan yana neman auren Thalia, malamar da aka turo makarantar firamaren Minnabool bara, kuma mahaifin yarinyar ya taso takanas daga Melbourne don ya ga garin da 'yarsa ke cewa a nan za ta zauna. Thalia tana aji, Rowan zai hau injin girbi, Des kuwa, mijin Glenys, tun da aka yi masa aikin ƙugu ba ya jure zaman mota. Saura ita.

"Ki kai shi rumbuna, ki kai shi tsohuwar tasha, ki ƙarasa da shi tafki," in ji Rowan yana ɗaure takalmi. "Kuma don Allah, Mama, ki riƙe bakinki."

"Ni ce mai baki?"

"Baba, gaya mata."

Des bai ɗago daga kofin shayinsa ba. Ya ce, "Tun ba a haife ka ba nake gaya mata. In iskar nan ta ƙaru ka kashe injin, ka ji ko?"

Ta sami Stavros Kallinis tsaye a ƙofar gidan da Thalia ke haya, gajeren dattijo mai faɗin ƙirji, takalminsa baƙi wul yana sheƙi, ga leda a hannu. Tasi ya tuƙa a birni tun yana saurayi har furfura ta rufe shi. Matarsa ta rasu, Thalia ce kaɗai gare shi. Ya leƙa cikin a-kori-kurar Glenys, ya ga gashin kare a kujera da guntayen wayar shinge a ƙasa, ya zaro hankici ya shimfiɗa kafin ya zauna.

"Ina kwana, Madam Schuller."

"Glenys. A garin nan ko fasto da sunansa ake kiransa."

Suka fara da rumbunan alkama da ke bakin layin dogo. Abin alfaharin Minnabool ke nan, tun da wani mai zane ya zo ya hau injin ɗaga kaya ya zana fuskokin mutanen gari a jikinsu, kowace fuska ta fi gidan sama tsawo: tsohon mai askin tumaki da karensa, da wata mata rungume da ɗan rago. Stavros ya ɗaga kai yana dafe da hularsa kada iska ta ɗauke.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Su waɗannan suna nan?"

"Shi ya rasu. Ita ta koma wurin 'yarta a Adelaide."

Ya dubi titi. Ba kowa sai kare ɗaya kwance a inuwar shagon sayar da kayan noma. "Wato mutanen bango sun fi na titi yawa."

Glenys ta tuna da Rowan ta haɗiye abin da ya zo mata baki.

A tsohuwar tashar jirgi, wadda suka mayar gidan tarihi, ta nuna masa almakasan aski na kakanni, da garmar dawaki, da hotunan 'yan ƙwallon gari na shekarun da suka ci kofi. Ya bi ta yana gyaɗa kai, hannayensa a baya. Da suka zo ƙofa ya tsaya.

"Ba zan yi miki rufa-rufa ba, Glenys. Ɗanki yaron kirki ne, na gani. Amma ni ba rumbu na zo kallo ba. Na zo ne in gaya wa 'yata ta dawo gida. In ta tashi haihuwa a nan, ina asibiti?"

"Ni a hanyar asibitin na kusa haifar Rowan, a bayan mota. Ga shi nan kamar bishiya."

"Abin da nake faɗa ke nan."

Ta kulle ƙofar da ƙarfin da ya wuce kima. Har ta yi niyyar mayar da shi gida daga nan, sai ta ga in ta yi haka zai ce Minnabool ta ƙare a titi ɗaya. Ta juya mota yamma.

Hanyar tafki ɗaya ce, shiga da fita. Tana ratsa gonakin alkama, sannan ta zama yashi ta kutsa cikin kurmin gajerun itatuwan zaiti, masu mai a ganye, ƙunci gare ta har rassa na shafar madubin mota. Daga nan sai fili ya buɗe: gishiri fari fat, shimfiɗe kamar tabarma har can nesa, da ɗan jaja-jaja a tsakiya inda danshi ya rage. A nan Stavros ya ce ta tsaya. Ya sauka, ya tsugunna, ya ɓantari gishirin ya sa a harshe.

"A tsibirin su mahaifina haka ake kwasarsa a bakin teku," ya ce. "Sau ɗaya ya kai ni, ina ƙarami."

Suka zauna a bayan motar. Ita ta fito da burodi da naman rago mai sanyi da shayi a fulas, shi ya buɗe ledarsa, zaitun ne da cuku. Suna cikin ci, har ya fara ba ta labarin yadda Thalia ke jera 'yan tsana tana koyar da su tun ba ta iya ɗaura takalmi ba, Glenys ta ɗaga ido ta dubi sama. Can arewa maso gabas wani hayaƙi ne ya miƙe, ƙasansa baƙi, samansa ruwan ƙasa, iska ta kwantar da shi kudu.

Ta ajiye kofi ta shiga gaban mota ta kunna oba-oba. Muryoyi suka cika motar, wannan kan wannan. Injin girbin maƙwabtansu, su Pohlner, ya taka dutse ya yi tartsatsi, wuta ta kama tushiyar alkama, ta riga ta tsallake titin kwalta. Kowa na kiran mai tankin ruwa. Ta danna ta kira Rowan har sau uku kafin ya amsa, da ƙarar inji a bayansa.

"Mama, kina ina?"

"Tafki."

"Ki zauna nan. Kada ki hau hanyar nan, kina ji na? Can ta nufa."

"Ina babanka?"

"Ya hau tarakta. Wai zai huɗe gefen gida don wuta ta rasa abin ci."

"Da wannan ƙugun? Wa ya ɗora shi?"

"Shi ya ɗora kansa. Mama, zan tafi."

Stavros yana tsaye a bakin taga, ya ji komai. "Tambaye shi makaranta."

Ta tambaya, amma Rowan ya riga ya tafi. Wata murya ce ta ce ana shirin kwashe yara zuwa filin ƙwallo, sai wata ta hau kanta da zancen ruwa ya ƙare a tankin wane. Stavros ya zaro wayarsa ya ɗaga ta sama yana juyawa. Babu sabis, ba a taɓa samu a tafki ba.

"Mu tafi," ya ce.

"Ka ji abin da ya ce."

"Na ji. Wutar tana can nesa, ga ta ina gani. In mun taka mota mun wuce kafin ta zo. 'Yata tana can da 'ya'yan mutane, ni ina nan ina cin zaitun?"

Glenys ta san amsar da ya kamata ta ba shi. Ita kanta ta sha faɗa wa baƙi: wutar alkama doki ba ya tsere mata, kuma waɗanda take ci yawanci a hanya take cin su, cikin mota. Amma idonta ba ya ganin komai sai Des a kan tarakta, mutumin da ko daga kujera sai ya dafa bango yake tashi. In taraktar ta mutu a tsakiyar gona, da me zai gudu? Mahaɗar da ke zuwa gidansu tana gaba kaɗan da ƙarshen kurmi. Ta auna hayaƙin, ta auna hanyar.

"Shiga," ta ce.

Da farko kamar za su sha. Sama na nan da haskenta, sai wari. Ta taka mota yashi na tashi, rassa na dukan gilashi. Sai rana ta koma ja kamar garwashi, sannan ta ɓace. Ta kunna fitila da tsakar rana. Toka ta fara sauka, da ganyaye baƙaƙe masu wuta a baki. Wasu kangaru, dabbobin nan masu tsalle, suka fyallo daga hagu, ɗaya ya bugi gaban motar ya faɗi ya tashi ya wuce, ko juyowa bai yi ba. Stavros ya dafe gaban mota da hannu biyu, leɓensa na motsi, ba ta jin abin da yake cewa.

Suna shan wata kwana ta taka birki. A gabansu hanya ta ƙare. Wuta ce tsaye daga wannan gefe zuwa wancan, ta fi itatuwan tsawo, tana ruri kamar jirgin ƙasa na wucewa. Zafinta ya ratso gilashi ya mari fuskarta.

Ta yi ƙoƙarin juyawa. Hanyar ba ta da faɗin mota biyu. Ta murza sitiyari ta yi gaba, ta yi baya, ƙafar baya ta zame gefe ta shiga yashi mai laushi. Ta taka, tayar ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana tona rami. Ta ƙara takawa. Ta nemi sauya giya, ta ƙi shiga.

"Ɗaga ƙafarki," in ji Stavros. Muryarsa ta canza, ta kwanta. "Ɗaga. Matso nan, ba ni."

Bai fita ba. Ya tsallako ta kanta, ita ta zame zuwa kujerarsa. Ya gyara zama, ya sa giya ya ɗan motsa gaba, ya sake baya, gaba, baya, yana lallaɓa motar kamar mai jijjiga jariri, har tayar ta kama ƙasa ta fito. Bai sake gwada juyawa ba. Ya ɗora hannu ɗaya a bayan kujera, ya waiga, ya ja da baya.

Glenys ba ta taɓa ganin an yi tuƙin baya irin wannan ba. Hayaƙi ya rufe komai, ita ko bayan motar ba ta gani sosai, shi kuwa yana bin sawun tayarsu yana shan kwana kamar a titin unguwarsu. Wani reshe mai ci ya faɗo bayan motar, kan buhunan da ta bari. Ta ce, "Baya ya kama." Ya ce, "Na gani." Bai rage gudu ba. Ta dubi gaba sau ɗaya, ta ga wutar na tsallake daga kan itace zuwa kan itace a gefen dama, tana tafiya daidai da su, sai ta daina duba.

Da itatuwa suka ƙare ta ce, "Kada ka tsaya. Hau kan gishirin."

"Zai ɗauke mu?"

"Iya inda ya ɗauka."

Ya juya motar a filin ya hau. Suka yi 'yar tafiya gishiri na ƙara a ƙarƙashinsu, sannan ɓawon ya fashe, motar ta nutse har ciki cikin baƙin taɓo ta tsaya. Glenys ta fizgo barguna biyu na ulu daga bayan kujera da jarkar ruwa. Stavros ya jawo buhunan da ke ci ya jefar, ya tattake. Suka nausa cikin tafkin da ƙafa, suna nutsewa har idon sawu, har sai da zafin ya ragu a bayan wuyansu. Ta jiƙa bargunan, suka tsugunna suka lulluɓa.

Daga ƙarƙashin bargon ta ga kurmin ya kama gaba ɗaya. Itatuwan zaiti ba ci suke yi ba, fashewa suke. Garwashi na zuba kan farin gishiri yana mutuwa. Numfashi ya zama aiki, kowane ja sai tari. Stavros na gefenta, kafaɗarsa na taɓa tata, tana jin ƙirjinsa na kuka kamar tsohon zuga-zugi.

"Kana da ciwon zuciya?" ta tambaya.

"Kaɗan. Kada ki gaya wa Thalia."

"Maganin fa?"

"Yana gidanta, cikin jaka." Ya yi tari mai tsawo. "Ni na sa ki hau hanyar nan."

"Ba kai ka sa ni ba. Da kai da babu kai da na hau."

Oba-oba na can cikin mota, ba hanyar jin komai. Glenys ta yi ta lissafin gidansu a zuci: ciyawar da ta ce Rowan ya yanke a bayan rumfar askin tumaki bai yanke ba, tumakin da ke makiyayar kudu da ƙofa a rufe, Des.

Can sai bargon ya kaɗa ta ɗaya gefen. Iska ta tsaya cik, sannan ta dawo daga yamma, mai sanyi, da ƙarfi. Hayaƙin ya fara yayewa daga kan tafki, shuɗin sama ya leƙo. Stavros ya yaye bargo ya buɗe baki yana shaƙa.

"Mun gode Allah," ya ce. "Ta juya." Sai ya dubi fuskarta. "Mene ne?"

Ta yi tunanin ta yi masa ƙarya. Ga ƙirjinsa, ga ba abin da zai iya yi. Amma mutumin da ya fito da ita daga cikin kurmin nan bai cancanci a yi masa wasa da hankali ba.

"Ɗazu wutar kudu take gudu, doguwa siririya," ta ce. "Yanzu duk tsawon nan nata ya zama baki. Gabas za ta yi."

"Me ke gabas?"

"Gari," ta ce. Ya miƙe ya nufi mota yana tangaɗi cikin taɓo, ta bi shi.

Fentin gefen motar ya kumbura, madubi ɗaya ya narke ya zubo, amma oba-oba na aiki. Suka zauna ƙofa a buɗe suna saurare. Ana kiran duk mai tanki ya koma bakin gari, wajen rumbuna. Wani na cewa rumfar wane ta tafi. Wani na zagin wani ya janye motarsa daga hanya. Glenys ta kira Rowan, shiru. Ta kira Des, shiru. Ta bari, ta sake kira. Stavros ya cire hularsa yana murza bakinta har ya lanƙwashe.

Rana ta yi ƙasa sosai kafin wata mace ta shigo layin, matar mai shagon kayan noma, tana cewa a sanar da iyaye yara duka suna filin ƙwallo, an ƙirga su sun cika, malamarsu na tare da su, kada kowa ya nufi makaranta. Stavros ya sa fuskarsa cikin hular. Glenys ta kau da kai ta bar shi.

Nata labarin ya fi jinkiri. Sai da aka ce an tare wutar a layin dogo sannan muryar Rowan ta fito, a dishe kamar ta tsoho.

"Mama?"

"Ina nan. Muna nan, mu biyu. Babanka?"

"Yana raye. Hannunsa ya ƙone, an tafi da shi asibiti, yana ta masifa wai a bar shi. Taraktar ta tafi. Rumfar aski ma. Gidan yana nan, huɗar da ya yi ce ta tare." Ya yi tari. "Tumakin kudu, Mama, ban kai gare su ba."

"Bar tumaki. Kai fa?"

"Lafiya lau. Kun zauna a tafkin, ko?"

Glenys ta dubi Stavros. Stavros ya dubi madubin da ya narke.

"Ga mu a tafki," ta ce. "Ka turo a jawo mu, mota ta nutse."

Motar 'yan kwana-kwana ce ta ɗauko su da magariba, ta cikin kurmin da ya zama baƙaƙen sanduna masu hayaƙi. A filin ƙwallo Thalia ta rugo ta rungume mahaifinta, toka ta ɓata mata riga, tana "Baba, Baba," tana shafa fuskarsa kamar ba ta yarda shi ba ne. Sai wani yaro ya fara kuka a bayanta, ta sake shi ta koma wurin yaran da iyayensu ba su iso ba tukuna. Stavros ya tsaya yana kallonta tana tsugunne tana goge wa yaron hanci.

"Ra'ayina bai canza ba," ya ce wa Glenys, idonsa na kan 'yarsa. "Yau ma ya ƙara ƙarfi."

"Na sani. Da ni ce kai, haka zan ce."

"Amma ba za ta ji ba."

"Ba za ta ji ba."

Washegari da sassafe Glenys ta je ɗakin taron gari, inda mata ke dafa wa masu gadin wuta abinci, kafin a kai ta asibiti wurin Des. Ta sami Stavros a can tun kafin ta zo, ya naɗe hannun riga, an ba shi wuƙa da buhun albasa, yana gardama da matar mai shago a kan yadda ake dafa naman rago. Ta ɗauki wata wuƙar ta tsaya gefensa.

Suna cikin yanka sai aka ji harbi daga kudu, can nesa. Aka ɗan jima, aka sake ji. Sannan wani. Matan ba wadda ta ɗago.

"Mene ne wannan?" Stavros ya tambaya a hankali.

"Rowan ne. Tumakin da suka ƙone ba su mutu ba."

Ya tsaya da wuƙa a hannu yana saurare. Harbin bai tsaya ba.

"Shi kaɗai ne?"

"Babansa ne ya saba tsaya masa."

Stavros ya ajiye wuƙar, ya wanke hannu a famfo ya goge a wando. "Ban iya bindiga ba," ya ce. "Amma zan iya riƙe masa ƙofar shinge. Wa zai sauke ni a can?"

Glenys ta ce hanyarsu ɗaya. Ta aro motar maƙwabciya, ta miƙa masa makullin, ta zagaya ta zauna a ɗaya gefen.